Gadar da Kawu Ya Wanke

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da shagon buga takardu a Kaura Namoda, kusa da hanyar tashar jirgin ƙasa. Kwamfuta ɗaya ce a ciki, sai firinta da injin fotokofi da ƙaramin janareto mai hayaƙi. Da na gama karatun kwamfuta ban sami aiki ba, sai ya ce in zo in riƙe masa shagon. Lokacin jiharmu tana sabuwa, kowa yana neman a buga masa takardar neman aiki a Gusau, ga shi kuma an ƙaddamar da Shari'a, gari ya cika da wa'azi.

Ina da aboki ɗan Shinkafi da muka yi aji ɗaya. Shi ya zo mini da maganar wani malami na Zurmi, dattijo mai waƙoƙin wa'azi da yawa. Ɗalibansa sun rubuta su da boko, shi kuwa malam yana son a buga su da ajami don mutanen ƙauye, amma ba wanda zai zauna ya sake kwafe su da hannu. Abokina ya ce mu yi manhajar da za ta juya boko zuwa ajami. Shi ya riga ya rubuta injin juyawar, wato ɓangaren manhajar da ke juya haruffan, da harshen kwamfuta da ake kira C, don nan ya ƙware. Ni kuma wani harshen kwamfutar, Visual Basic, na iya, sai na ɗauki fuskar manhajar, wato inda mutum zai buga rubutunsa ya danna maɓalli.

Matsalar ita ce ɓangarorin biyu ba su jin maganar juna. Injin abokina fayil kaɗai ya san karantawa. Yana buɗe shi, ya riƙa ɗebo haruffa ɗaya bayan ɗaya har ya kai ƙarshe. Ni kuwa rubutun yana hannuna a dunƙule, cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, babu wani fayil. Da farko mukan ajiye rubutun a faifai sannan injin ya karanta, amma in wuta ta ɗauke ana cikin ajiyewa sai fayil ɗin ya lalace. Sai na ce zan rubuta abin da zai tsaya a tsakani, ya karɓi rubutun daga wurina ya riƙa miƙa wa injin kaɗan-kaɗan, injin yana zaton fayil yake karantawa. Mun sa masa suna gada.

Ban taɓa shan wahalar aiki kamar ta gadar nan ba. Babu intanet a garin, littafi ɗaya gare ni, shi ma fotokofi ne da wasu shafuka suka dushe. Gwajin farko na buga "ƙasa", abin da ya isa ga injin shi ne alamar tambaya sannan "asa". Duk harafi mai ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, mutuwa yake a hanya. Na gano Visual Basic ne ke matse haruffan kafin ya miƙa, sai na hana shi. Na buga "Kaura", harafin K kaɗai ya tsallaka. Na daɗe ina kallon K ɗin nan kafin in fahimci cewa a ɓangarena kowane harafi gurbi biyu yake ci, na biyun sifiri ne, shi kuwa C da ya ga sifiri sai ya ɗauka magana ta ƙare. Da na gyara wannan, sai wata ta ɓullo: in rubutu ya yi tsawo, ɓangarena yakan share shi daga ƙwaƙwalwa injin bai gama karantawa ba, sai shirme ya fito. Dole na sa gadar ta riƙe kwafinta har sai injin ya ce ya gama.

Duk wannan tsakanin masu zuwa buga takarda nake yinsa. Damina ta shigo ta yi nisa ina kai. Kawu in ya leƙo ya ga fuskar kwamfuta cike da alamomi sai ya ce, "Kai dai kana son wasa. Man janareto kake ƙona mani."

Ranar da baiti na farko ya fito da ajami daidai, na buga shi a takarda, muka hau mashin ni da abokina zuwa Zurmi. Malam ya riƙe takardar nesa da idonsa ya karanta da ƙarfi, ya gyara mana wasali ɗaya, ya yi dariya. Ya ce mu dawo bayan an yi girbi za a tara mana duka waƙoƙin. A can muka kwana don ruwa ya tare mu.

Washegari da na dawo shago, na tarar da Kawu zaune a kujerata, abin da bai saba ba. Na kunna kwamfuta. Fuskarta fayau, kamar ranar da aka sayo ta. Na nemi jakar aikina a cikin kwamfutar, babu.

Na ce, "Kawu, mi ya samu kwamfuta?"

Ya ce, "Wanke ta anka yi. Jiya na kira mai gyara."

Ashe jita-jita ce ta zagaya kasuwa, wai masu bincike za su zo daga Gusau su duba kwamfutocin shaguna, duk wanda aka samu da fim ko kiɗa a rufe masa shago. Kawu kuwa yana da waƙoƙin Indiya da yake saurare in ba kowa. Bai san yadda ake goge su ba, kuma kunya ta hana shi jira in dawo in gani. Sai ya ce wa mai gyara ya share komai.

Na ce, "Komi? Ba ka ce mashi akwai aikina ciki ba?"

"Ya tambaya. Na ce takardun mutane an riga an ba su, saura ba wani abu na ba."

Na jawo durowa inda nake ajiye faifan da na kwafi aikin a kai. Babu shi. Kawu ya ce mai gyaran ya buƙaci faifai don ya tayar da kwamfutar, sai ya miƙa masa wanda ya gani. Shi ma an share shi.

Ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba, amma ranar har mai shayi na gefenmu ya leƙo. Na ce waƙoƙinsa da ɗan yatsa ɗaya zan goge su, da ya jira ni yini ɗaya. Na ce ya ga ni kullum a kan aikin nan, ya san ina yinsa, aka tambaye shi ya ce ba komai ba ne.

Ya miƙe ya gyara hularsa. "Kwamfuta tawa ta. Kuma wanga abu da kake ta ihu kansa, ba kai ka rubuta shi ba? Sake rubutawa mana."

Wannan maganar ta fi wankewar ƙona mini rai. Na ajiye masa makullin shago a kan tebur na fita.

Masu binciken ba su zo ba, ba a wannan makon ba, ba daga baya ba. Ba a duba shagon kowa ba a layinmu.

Mahaifiyata ta ce in je in ba shi haƙuri don na yi masa tsawa a gaban mutane. Na ce shi fa? Ta ce shi babba ne. Na je, na durƙusa na faɗi abin da aka ce in faɗa. Ya ce ya yafe mini. Bai ce komai a kan aikin ba, ni kuma ban koma shagon ba.

Injin abokina ya tsira don yana da kwafinsa a Shinkafi. Yayansa na da kwamfuta a shagon magani, ya yarda mu riƙa amfani da ita ranar Juma'a da yamma. Haka na riƙa hawa motar kasuwa ina zuwa ina sake gina gadar daga abin da na iya tunawa. Wasu wuraren sun zo da sauƙi, wasu kuwa na san na taɓa warware su amma na manta ta yaya, sai in zauna ina jin haushin yana dawowa sabo. Girbi ya wuce ba mu gama ba. Da muka koma Zurmi da manhajar tana aiki, malam ya riga ya ba wani ɗalibinsa mai kyan hannu, ya kwafe fiye da rabi. Ya karɓe mu da kirki, ya ce ba ya son littafi ɗaya ya fito da hannu biyu, mu bari sai wani karo. Abokina ya sami aiki a Sakkwato ba da daɗewa ba, maganar ta tsaya nan.

Kawu yana nan da ransa, ya tsufa, ina zuwa gaishe shi. Ko a bikin ɗiyarsa ta ƙarshe ya ba mutane labarin yadda ya tsirar da shagonsa a shekarar Shari'a da saurin dabara. Suka yi ta dariya. Ina zaune a gefen tabarma, na tashi na je na tsaya wajen masu dafa abinci har ya gama.