Takalmin Keken Ɗinki da Ba-zama Ya Bar Mini

Ƙarfen dalma na hannuna, yana hayaƙi, ƙanin abokin aikina ya leƙo ɗakin da muke haɗa fitilun sola ya ce mota ta buge Yaya a hanyar kasuwar 'yan gwangwan, ko asibiti ba a kai ba ya cika. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa. Allon wayoyin fitila da ke gabana har ya ƙone ban sani ba.

Ba-zama muke ce wa yayan nasa, don a tsaye yake aiki, ƙafa ɗaya na kaɗawa. Shi kuma Hawainiya yake ce mini. Teburinmu ɗaya tun muna samari. Ba ya jure ganin hannu ya yi tafiyar banza. Shi ya rataye naɗin dalma a saman kanmu don a daina lalube, shi ya koya mana jera ƙananan kayan duka a allo kafin a ɗauki ƙarfe, a bi su layi guda ba ajiyewa. Ko shayi a tafe yake sha.

Bara na faɗi a babur, babban yatsana na hagu ya sandare. Da shi ake tura zaren dalma, sai na koma baya, alluna na taruwa a gabana. Mai kula da mu ya ce in ban kamo saura ba zuwa ƙarshen wata, zai nemo wani.

Ba-zama ya kasa haƙuri. Ya kwance takalmin tsohon keken ɗinkin matarsa, wato abin takawar, ya haɗa da wayar birkin keke, yadda in na taka, dalma ta matso da kanta. Ya yi aiki, sai dai in an taka ba ya dawowa sama.

Bayan jana'iza ƙaninsa ya miƙo mini wani ɗan ƙarfe murɗaɗɗe, sifirin da zai riƙa mayar da takalmin sama, da aka samu a aljihun Ba-zama. Na ɗaura, ya zauna daidai. Na kamo saura, aikina ya tsira, amma duk takawa sai na waiga gefena.

Ranar da za mu rabu, yana sa hula yana tafiya kasuwa neman ƙarfen nan, na ce, "Don Allah ka bari sai an huta, ba gudu za a yi ba."

Ya ce, "Kai dai Hawainiya, wanke ƙafarka kawai. Gobe da ita za ka ci abinci."