Mai Kawai Ya Ce In Sa

Duk faɗin Abijan, daga kasuwar Adjamé har bakin tashar jiragen ruwa ta Treichville, babu mulinen da zai mutu a binne shi ba a nemi izinina ba. Muline shi ne ɗan keken nan da ake ɗaurawa a gindin sandar fatsa, wanda ke naɗe zare idan ka juya hannunsa. Na ta da wanda tsatsa ta ci har ya koma kamar ƙanzo. Akwai na wani matuƙin jirgi da na gyara, ranar da na juya shi sai da maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya sayi sabon agogo.

Aikina na ofishin transit ne, fitar da kayan mutane daga tasha. Wannan kuwa ciwo ne kawai ya kama ni. Ranar Asabar in hau gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa Adjamé, in tsuguna gaban masu tarkacen ƙarfe ina tono kamar kaza, in dawo da hannu baƙi ƙirin. Uwargida ta gaji da neman buroshin haƙorinta tana samunsa cikin gwangwanin kananzir. Abin da ba na faɗa a majalisa shi ne, ban taɓa kama kifi ba, ko ɗan tsito. Ruwan da ya wuce cikin bokiti ba ma shiri da shi.

Akwai wani dattijo a unguwar Belleville, aminin marigayi mahaifina, tare suka yi dako a tasha tun suna samari. Baba nake ce masa. Yanar ido ta rufe masa gani, mutum sai dai ya gane shi da murya, amma kullum bayan asuba yana bin gefen katanga da sandarsa har bakin lagun, babban tafkin nan da ya ratsa gari, ya zauna kan wani dutse da ya saba, hantsi ya dawo da karfasa biyu ko uku. 'Yarsa, wadda ke riƙe da shi, ba ta son wannan fita ko kaɗan. Kifin ne kaɗai hujjarsa. Duk sanda ta ce, "Papa, ba ka gani, wata rana ruwa za ka faɗa," sai ya ɗaga mata jaka ya ce, "Makaho ne ya kamo waɗannan?"

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya riƙo hannuna.

"Kai likitan ƙarfe, mulinen nan nawa ya fara tauri. Mai kawai za ka sa masa."

"Baba, ka kawo shi asibitin ƙwararru. Ko uwarsa ba za ta gane shi ba in na gama."

"Mai kawai, ɗan nan."

Na ji, amma kunnen mai gyara daban yake. Da na buɗe shi a gida na ga gishiri ya yi gari a ciki, sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na warware shi kaf, na jiƙa, na goge, na sāke ƙusoshi biyu, na shafa masa man da nake ɓoyewa don manyan baƙi. Sai zaren. Wani tsohon zare ne da rana ta dafa, ga wasu ƙananan ƙulle-ƙulle na zaren ɗinki a jikinsa, nan ɗaya, can biyu a jere, can gaba uku. Na ce oh, talauci bai yi ba, dubi yadda tsoho ke ta faci. Na sa almakashi na yanke shi tas, na dunƙule na jefa a kwandon shara, na naɗa masa sabo fil, mai santsi kamar gashin jariri. Kwana uku na yi a kai, ina yi ina yaba wa kaina.

Ranar da na kai masa, a ƙofar gida na same shi kan benci. Ya juya hannun mulinen, ya kasa kunne, ya gyaɗa kai. Sannan ya ja zaren ya fara bin sa da babban yatsa. Ya ja tsawon gaba guda, ya ja biyu, ya ja har zare ya taru a cinyarsa. Ni kuwa ina tsaye ina washe baki, ina jiran addu'a.

"Ina ƙullina?"

"Wane ƙulli, Baba? Ai na raba ka da wannan tsumman."

Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. A hankali ya yi mini bayani kamar mai karanta wa yaro allo. Tun idonsa na gani ya ɗaura su, da ya ji yanar ta fara. Idan ya jefa daga kan dutsen nan nasa, ƙulli ɗaya ya wuce ƙarƙashin yatsansa, ƙugiya ta kai bakin ciyawa inda ƙanana suke. Biyu, ta kai ramin da manya ke kwanciya. In ya ji uku to ya danne zare maza, don gaba kaɗan akwai wani tsohon ƙarfen kwalekwale a nutse, mai cin ƙugiya. Wata da watanni ya yi yana gwadawa, yana kwancewa yana sāke ɗaurawa, kafin su zauna daidai.

Ban san lokacin da na isa gida ba. Na kifar da kwandon shara a tsakar gida, uwargida tana salati. Masu kwasa sun riga sun wuce tun jiya. Har wurin da suke tarawa na je, da takalmin ofis, ina tona ɓawon ayaba da ƙayar kifi, mata masu sayar da aceke, dambun rogo, suna nuna ni da baki.

Washegari na ce zan raka shi mu sāke aunawa, ni ne idonsa. Wannan ma wata wautar ce. Shi ya san wurin a yatsa, ni kuma ruwa kawai nake gani, duk iri ɗaya. Ya ce in faɗa masa inda ƙugiya ta sauka, na ce, "Can." Ya ce can ina? Na ce can dai, kusa da wata leda. Ledar kuwa tafiya take. Jifa na huɗu ƙarfen ya kama ƙugiya. Ya miƙe zai ja, ƙafarsa ta zame kan dutse, ba don na cafko rigarsa ba da labarin ya canza. Muka dawo shi da jiƙaƙƙen wando har gwiwa, jaka babu komai.

Ya ƙara fita sau uku shi kaɗai, ƙugiya biyar ya bari a ruwa. A na ƙarshe 'yar ta tare ni a bakin titi, idonta ja.

"Grand frère, yayana, na ɗauke sandar fatsar, na kulle a ɗakina. Ça suffit, ya isa haka. Da can yana da abin da zai nuna mini, yanzu fa? In jira a zo a ce mini an tsamo shi?"

Na juya na kama hanya sumui-sumui. Ni da ake cewa bakina ko a jana'iza ba ya hutawa.

Na yi mako biyu ina zagaye layinsu kafin na iya zuwa gaishe shi. Yana kan bencin, da hantsi, lokacin da a da yake dawowa daga ruwa. Ya rame. Babban yatsansa yana ta murza gefen rigarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na fara jero ban haƙuri, na ce zan nemo masunta su auna mana wurin da kwalekwale, zan roƙi 'yarsa, zan yi kaza, zan yi kaza. Ya bar ni sai da na ƙare tas, sannan ya lalubo kafaɗata ya dafa.

"Ai ka iya aiki, ɗan nan, ba a ƙwace maka ba. Shekara talatin gishirin lagun yana neman kashe abin nan bai samu sa'a ba. Kai kwana uku suka ishe ka."