Jajayen Turaku a Lambun Inna

Inna ba ta gaji noma ba. Kakanninta goro suka kawo garin nan, mahaifinta kuma atamfa ya sayar har ya tsufa. Bayan rasuwar Baba ne zaman ɗaki ya gagare ta, sai wata ƙawarta 'yar Mosi, wadda suka daɗe tare a kasuwa, ta yanka mata wuri a lambunta na bakin baraji, madatsar ruwan da ke arewacin gari. Kullum da safe nakan ɗauko ta a bayan moto, wato babur, daga unguwarmu ta Zango in sauke ta can, sannan in wuce shago.

Salati, wato latas, take shukawa da na'ana'a da yakuwa. Idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, ita ma sai ta bi shi, ta buɗe sabon fangali a danshin da ya bari. Kowa a wurin haka yake yi.

Wata safiya muka iso muka tarar da turaku masu jan fenti an jera su cikin lambunan mutane, sun ratsa ta tsakiyar albasarsu. Duk fangalan Inna suna ƙasa da layin, ta wajen ruwa. Masu lambu sun taru suna magana a lokaci guda, wasu da More, yaren Mosi, wasu da Faransanci. A tsakiyarsu akwai wata ma'aikaciyar hukumar ruwa, matashiya mai hular rana, tana ƙoƙarin a saurare ta. Ta ce daga turakun zuwa bakin ruwa ba sauran noma. Za a bar ciyawa ta fito, a dasa itatuwa, don su tare ƙasa da taki da maganin ƙwari kada ruwan sama ya kwashe su ya zuba a baraji.

Inna ta ja hannun rigata. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana.

"Kai, me take cewa?"

Na fassara mata. Ta dubi turakun, ta dubi salatinta, ta ce, "Ciyawa? A cire abinci a shuka ciyawa?"

Daga ranar ban ƙara zama wuri ɗaya ba. In ina shago hankalina yana baraji, in na je baraji sai in ji kamar ya kamata in kasance a wani ofishi ina roƙo. Na je ma'aikatar magajin gari, aka tura ni wani wuri, can ma aka ce wanda zai amsa ya fita. Na je unguwar Tampouy wurin wani ɗan'uwan Baba da aka ce ya san mutane, ya ba ni shayi da haƙuri. Na auna wa wata mata yadi na yanka ba daidai ba, abin da ban taɓa yi ba.

Abin da ya fi hana ni sukuni shi ne na san ma'aikaciyar ba ƙarya ta yi ba. Ina yaro mun yi iyo a wurin da yanzu laka ce mutum ke tafiya a kanta. Na sha ganin maƙwabcin Inna yana wanke tulun feshi a bakin ruwa, kumfa tana tafiya. Na ga yadda ruwan yake komawa ja bayan kowane ruwan sama. Amma duk lokacin da na buɗe baki zan faɗa wa Inna haka, sai in ga yadda take durƙusawa tana tsinke na'ana'a, in fasa.

An ba masu lambu lokaci su kwashe abin da suka shuka. Wasu suka tumɓuke turakun suka jefa a ruwa, aka zo aka kafa sababbi. Ƙawar Inna ta ce za ta matsa mata a sama da layin, sai dai wurin busasshe ne, kuma nesa da ruwa. Inna ta gwada. Na tsaya ina kallonta ta ciko bokiti biyu tana hawowa, tana ajiyewa tana hutawa, ta sake ɗauka. Kafin ta iso rabin ruwan ya zube a zanenta.

"Inna, ki bari haka nan. Mu koma gida, in samo miki tsofaffin robobi ki shuka a tsakar gida."

"Ni kaza ce da za ka killace ni?" in ji ta.

Ranar dashe aka kawo itatuwa a mota cikin baƙaƙen ledoji. Ban so Inna ta je ba, amma tun kafin in gama shiri ta riga ta ɗaura gyale tana tsaye jikin moto. Da muka isa ba ta bi ta kaina ba, ta nufi ma'aikaciyar kai tsaye, ta yi mata magana da More.

"'Yata, waɗannan itatuwan naku wa zai ba su ruwa?"

Yarinyar ta ce, "Muna fata mutanen wurin za su taimaka, Mama."

"Mutanen da kuka kora?"

Na ji kunya, na matso zan ba da haƙuri. Ma'aikaciyar ta ɗaga mini hannu. Ta cire hularta ta ce ita ma abin yana damunta, domin an dasa a wani gefen bara, awaki da rana suka cinye. Inna ta ce to a bar ta ta sa zogale da lalle a inda fangalanta suke. Ba za ta yi huɗa ba, ba taki, ba feshi, ganye kawai za ta riƙa tsinka, kuma za ta duba musu nasu itatuwan. Yarinyar ta ce ba ita ke da iko ba, amma za ta tambaya.

Amsar ta daɗe ba ta zo ba. Inna ba ta jira ba, ta shuka abinta, ni kuwa kullum cikin fargaba nake kada in iso in tarar an tumɓuke mata. Daga baya ma'aikaciyar ta biyo ta ce an yarda, da baki kawai, ba a rubuce ba.

Zogalen ya kama. Ciyawa ta rufe tsofaffin fangalan har ba a gane iyakarsu. Ƙawar Inna ba ta jure jigilar ruwa ba, ta koma wurin ɗanta a unguwar Dassasgho, wasu kuma suka bar lambun gaba ɗaya. An canza wa ma'aikaciyar wurin aiki, wanda ya maye gurbinta bai san da maganar ba. Har yau ina kai Inna da safe, kuma duk lokacin da na hango motar hukuma a kan hanyar baraji sai in juya moto in koma in tsaya kusa da ita, har motar ta wuce.