Sa Hannun Hiltrud Schwenk

Shekara talatin da ɗaya Hiltrud Schwenk ta yi a wani ƙaramin kamfani na garin Balingen a ƙasar Jamus, ba a taɓa jin muryarta a taro ba. 'Yar manomi ce, ta shiga koyon zane tana da shekara sha bakwai. Aikinsu shi ne tsara allon da ke ɗauke da ɗan guntun lantarkin nan mai aika saƙo da karɓa tsakanin birki da inji da fitilun mota, duk a kan waya biyu. Injiniyoyi su zana, ita ta duba. Dokar gidan ita ce ido huɗu: zane ba ya fita sai mutum na biyu ya bi shi layi-layi ya sa hannu. Kowa ya san idan Hiltrud ta sa hannu, magana ta ƙare.

Ranar wata Juma'a, 'yarta na naƙuda a asibiti, injiniya Eckart Maisch ya ajiye mata zane a tebur. Shekara ashirin suna ofis ɗaya, ba ta taɓa kama shi da kuskure ba.

"Hilde, taimaka. Yau zai tafi."

"Kai dai kullum a ƙurarren lokaci, kamar mai bin jirgi."

Ta sa hannu ba ta buɗe shafi na biyu ba, ta ɗauki jakarta. Ashe ya manta ɗan abin da ke tare tartsatsin wuta a bakin wayoyin. Bayan 'yan makonni, da aka kai alluna ɗakin gwaji aka harba musu wuta, duk suka mutu, mai sayen kaya yana tsaye yana kallo.

To, ga abin da ke ba ni haushi. A taron Litinin shugabansu, Dakta Zeller, ya ɗaga takardar ya ce, "Abin da Madam Schwenk ba ta gani ba, ba mai iya gani. Laifin mai zane ne." Nan take ya ce Eckart zai koma sashen amsa wayar masu ƙorafi. Mutum mai shekara hamsin da takwas. Ba wanda ya tambaye ta ko ta duba, ita kuma ta tsura wa tebur ido.

Al'adarsu, wanda ya yi ɓarna shi ke kawo kek. Washegari Eckart ya zo da na tuffa, matarsa ta gasa. Ya yanka wa Hiltrud babba.

"Ci mana, Hilde. Ba guba a ciki, an duba da ido huɗu."

Aka yi dariya. Ita kuwa cokalinta ya ƙi tashi daga faranti. Ta miƙe.

"Dakta, ban duba ba. Hannu kawai na sa."

Zeller ya ajiye kofinsa. "Kin san abin da kike faɗa?"

"Na sani tun waccan Juma'ar."

Aka bar Eckart a kan aikinsa na zane. Ita aka karɓe mata ikon sa hannu, ta ƙarasa shekara uku tana jera takardu har ta yi ritaya. Har yau idan ta hango shi a kasuwar Asabar sai ta tsallaka titi. Shi yana ɗago mata hannu. Ta ce min ba sa hannun ke hana ta kallon idonsa ba, kwana ɗayan nan ne da ta ɓoye gaskiya ta bar matarsa ta kunna murhu ta gasa kek.