Sarkin Gwangwani Ya Tafi Ba a Yi Masa Waƙar Makoki Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran ƙanin mijina a gidansa da ke Almaty. Jaridu sun buga sunanka, Tasbolat. Jikata Moldir ce ta rubuta shi a nan, don matar wa ba ta kama sunan ƙanin miji a gidanmu. Tun ranar da aka kawo ni amarya na same ka kana dukan gwangwanaye a bayan murhu, na raɗa maka Sarkin Gwangwani, kuma da shi zan kira ka.

Da ka zama saurayi ka haɗa ƙungiyar kiɗa irin ta zamani. Ka aske rabin kai, ka rina sauran kore, ka ƙarar mini da kwalli. Kana waƙa a sandare kamar an saka maka batir, kana danna wani akwatin lantarki mai kukan akuya. Wanka, wato mijina, ya ce ka zubar mana da mutunci. Ni na ce a bar shi, aƙalla ɓeraye sun bar gidan.

Daga baya masu fim da talabijin suka gane abin da ba mu gane ba. Kiɗan da duk gari ke ji kafin wasan kwaikwayo na yamma, tafasar butar shayina ce da ƙarar ƙofar ɗakina da ka ɗauka a na'ura ka haɗa. Kowa na share hawaye, ni ina cewa a sa wa ƙofar nan mai.

Da wanka ya kwanta ciwon ajali, kai kake masa wanka, kai kake juya shi, da ɗankunnenka da komai. Ban manta ba.

Abu guda ka roƙe ni na hana ka. Waƙar makoki da mata ke rerawa idan masu gaisuwa suna shigowa, wadda na koya a bakin uwata a ƙauye. Lokacin rasuwar wanka ka ji ta, ka bar ni sai da na fita takaba, sannan ka zo da na'urarka ta ɗaukar murya, kana kira na Jenge, wato matar wa.

"Jenge, ki rera mini sau ɗaya in ɗauka. Babu wanda ya iya ta sai ke."

"Ba a yin ta sai da gawa, kai marar kunya. So kake in kira mana mutuwa?"

"To sai na mutu ke nan?"

"Ka mutu ka gani, zan yi maka har da ƙari."

Ka yi dariya har ka ƙware da shayi. Shekara da shekaru muna wannan wasa.

Bara aka yi mini aikin maƙogwaro, likita ya ce muryar ba za ta dawo ba. Ranar jana'izarka na zauna cikin mata, masu gaisuwa suka fara shigowa, na buɗe baki. Iska kawai ta fito. Surukaina suka dubi juna, babu wadda ta san ko farkonta. Wani ya kunna kiɗanka na talabijin a waya, aka yi kuka da shi.

Kalmomin suna kaina, Moldir tana rubutawa. Amma karin waƙar fa? Ba ya rubutuwa. Kunnenka ne kaɗai zai iya kama shi, ga ka a ƙasa, ni kuma ina hanya.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sada ka da wanka a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Ulbosyn, da 'ya'yanka, da abokan kiɗanka masu furfura. Allah ya ba ku haƙuri. Ku yafe mini, na yi masa alkawari ban cika ba. Ranar tawa kuma kada ku wahalar da kanku neman mai rerawa. Babu.