Turmin da Ya Kira Malam Gida

Ranar Talata ce, dawa ta fitar da kai. Bayan asuba Malam, maigidana, ya sha koko a tsaye, ya ɗauki lauje ya nufi gonar bayan gida. Inna, mahaifiyarsa, ta shanya kuɓewa a tabarma. Ni ina da cikin wata bakwai, ina bakin ɗaki ina tsintar wake.

Tun da na yi ɓari a cikin farko wani ciwo ya kama ni. Haka kawai gabana zai faɗi, zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya tsaya a maƙogwaro, in ga kamar mutuwa ce ta shigo. Malamar awo a Gwarzo ta ce firgici ne, ba iska ba ce, in riƙa jan numfashi a hankali. Inna ce ta samo dabarar. Ta miƙo mini taɓarya: in na ɗaga in ja numfashi, in na sauke in saki. In abin ya ƙi lafawa, sai ta buga turmin babu komai a ciki. Ƙararsa daban take, har gona ana ji. Malam na ji zai ajiye aiki ya taho, ya dafa kafaɗata yana addu'a har in dawo hayyacina.

Da hantsi na ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma ba ta hanyar kasuwar Mainika suke tahowa ba. Na ce wa Inna ba lafiya ba. Amma na sha faɗin haka ko babur ɗaya ne ya wuce. Ta ga ina haki. Ta ɗauki taɓarya ta buga turmin.

Malam yana cikin dawa, inda babu mai ganinsa. Ya fito.

Harbin farko ya tashi ta wajen masallaci. Kaji suka watse. Malam ya shigo a guje, ya tura ni ta ɓarakar dangar baya.

"Shiga dawa! Kada ki waiwaya!"

Ya koma ɗauko Inna, don gwiwoyinta ba na gudu ba ne.

Ban yi nisa ba, ciki ya hana. Na kwanta a gefe tsakanin kunyoyi. Daga nan ina jin komai. Ana dukan ƙyaure. Wani ya ɗaga murya.

"Nan ne gidan! Shanun suna baya!"

Na san muryar. Ɗanlami ne, dillalin shanu. Ya sha cin tuwon hannuna a zaurenmu. Shi ne ma ke tsokanar Malam, wai an buga masa ƙararrawa.

Na ji harbi. Na ji Inna ta fara salati. Na ƙara jin harbi, salatin bai kai ƙarshe ba.

Nan ciwon ya zo, irin wanda bai taɓa zuwa ba. Ihu ya taso mini har baki. Ɗaya daga cikin maharan ya zo bakin gonar ya tsaya, ina hangen takalmansa na roba ta tsakanin kara. In na yi ihu, ni da abin cikina mun tafi. Babu taɓarya, babu Inna. Na cusa gefen zanina a baki. Na ɗaga taɓarya a zuciyata, na ja numfashi. Na sauke ta a tsakiyar kan Ɗanlami, na saki. Na ɗaga. Na sauke. Haka na yi ta yi har takalman suka juya.

Azahar ta yi, ba a kira salla ba. Da la'asar muka fito, mu matan da suka rage, muka bi ta gonaki zuwa Durun, gidan yayata. Tun hantsi cikin bai motsa ba. Ina tafiya ina dafa shi, shiru. Wani mai amalanke ya ɗauke ni a hanya, muka shiga gari ana kiran magariba.

Washegari malamar asibiti ta kara ɗan ƙahonta a cikina. Ta daɗe tana saurare. Sannan ta ce yana nan.

An binne Malam da Inna ban je ba. Daga baya na ji ana raɗe-raɗi wai ciwona ne ya kira shi gida. Ba ciwona ne ya riƙe bindiga ba. Ba ciwona ne ya nuna ƙofa ba. Kowa ya san ni da haƙuri, ko kaza ba na kora da ƙarfi. Amma ban yafe ba. Na faɗi sunan Ɗanlami a gaban mai gari, na faɗa wa jami'an da suka zo. An ce ya gudu. Ya je duk inda zai je. Goshina bai taɓa sauka a ƙasa ba ban kai ƙararsa ba. Allah ya hana shi barci. Allah ya sa gabansa ya riƙa faɗuwa, ya rasa mai dafa masa kafaɗa.

Takabata ta ƙare ranar da na haihu. Namiji ne. An sa masa sunan Malam, don haka Abba nake ce masa. Ciwon yana zuwa har yanzu, sai in zuba hatsi in yi ta daka. Turmin yayata ne. Na roƙe ta kada a taɓa buga shi babu komai a ciki. Ba wanda zai fito daga gona.