Makullin Kawu Sada

Duk wanda ya taɓa shiga kemis ɗin Kawu Sada a Ƙofar Kaura ya san yadda yake karɓar takardar likita. Ba ya kallon sunan magani, ba ya kallon fuskarka. Sai ya ture tabarau zuwa goshi, ya kai takardar dab da hanci kamar zai shinshina ta, ya nemi hatimin da ke ƙasa, sannan ya ce, "Lambar fa?" Lambar rajistar likitan da ya rubuta yake nufi. In maganin na cikin kabad ne, wato masu ƙarfin nan da matasa ke sha su bugu, to wallahi ko da rawani ka zo sai ya tabbatar lambar ta likita ce na gaske.

Makullin kabad ɗin kuwa a wuyansa yake, da zare, ƙarƙashin riga. Ni Bilki, 'yar ƙanwarsa, na gama karatun harhaɗa magunguna, na zo ina aiki da shi shekara da shekaru, amma ko taɓa makullin nan bai bari na yi ba. Abin yana ci mini rai ƙwarai. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Ke kina da gaggawa, ga tausayi. Mai tausayi ba ya riƙe makulli."

Aikina shi ne in duba lambar a shafin hukumar likitoci ta wayata. In akwai shakka, shi zai nemi likitan. To amma kun san Kawu da maƙo! Ba ya kira, filashin yake yi. Sai ya ajiye wayar a kan kanta, ya harɗe hannu, yana jiran likita ya bar marasa lafiya ya kira shi. Abin mamaki, kira suke yi.

Har amininsa Dakta Mannir bai tsira ba. Wata rana aka kawo takardarsa, tawadar hatimin ta bushe, lambar ba ta fito ba. Kawu ya yi filashin, Dakta ya kira.

"Wa ke magana?" in ji Kawu.

"Kai Sada, ba kai ka neme ni ba? Mannir ne!"

"Haka ka ce. Karanto lambarka."

"Sada, ka ji tsoron Allah! Rana ɗaya fa aka yi mana kaciya!"

"Ban ga an rubuta haka a takarda ba."

Sai da Dakta ya karanto, yana tsaki. Da bikin 'yar Dakta ya zo, kowa ya kai gudummawa, Kawu ya kai kwalbar tawadar hatimi a naɗe cikin jarida.

Akwai kuma wani saurayi da ya shigo cikin shadda, yana ƙamshin turare, da takardar taramol. Hatimi ya fito raɗau, lamba ta fito. Na ɗauko waya zan duba, Kawu ya ɗaga mini hannu.

"Samari, yaushe likitan ga ya duba ka?"

"Jiya, Baba."

"Masha Allah. Lahiya lau ka gan shi?"

"Lafiya ƙalau."

"To madalla, hankalina ya kwanta. Don bara da muka rufe shi, ban ga alamar zai koma aiki ba."

Yaron ya ce bari ya ɗauko abu a babur. Har yau yana ɗaukowa! Ni na yi dariya har da riƙe ciki, amma Kawu bai yi ba. Ya daɗe yana kallon ƙofa, sannan ya ce, "Ɗan wani ne fa. Uwarshi na can tana mashi addu'a."

Kada ku ce mugunta ce. Ranar da wani Bafulatani ya zo da takardar tsohuwarsa da ta karye a ƙugu, sabis ya ɗauke, shafin ya ƙi buɗewa, wayar likita ba ta shiga. Na ce, "Kawu, dubi mutumin nan, ai ba ƙarya a fuskarsa." Ya ce, "Fuska ba ta da lamba." Ya fito da tsohon kekensa, ya taka cikin rana har asibitin da aka rubuta takardar, ya ga likitan ido da ido, ya dawo jiƙe da gumi ya buɗe kabad. Bafulatanin ya ce, "Malam, ai da ka hau acaɓa." Kawu ya ce, "Kai za ka biya?"

Da ciwon ajali ya kwantar da shi a gidansa na Kambarawa, makullin yana wuyansa. Ciwon daji ne, mai zafi. Wata la'asar wani sabon likita ya zo ya duba shi, ya rubuta masa irin maganin da ke cikin kabad, ya tafi. Kawu yana nishi, yana damƙe zanin gado. Ya ciro zaren daga wuyansa da kyar, ya miƙo mini.

Ga makullin da na daɗe ina so a tafin hannuna, da ɗuminsa. Na kai bakin ƙofa da sauri, sai na dubi takardar. Hatimin ya hau gefe, rabin lambar babu. Ban san likitan ba, ban taɓa ganin rubutunsa ba. Ina jin nishin Kawu a bayana, zuciyata kamar ta tsage. Na juyo.

"Kawu, lambar ba ta fito ba."

Ya buɗe ido ɗaya. "To mi kike jira?"

Na karɓi lambar wayar likitan wurin matar Kawu, na danna kira, hawaye na zuba. Daga kan gado na ji muryarsa can ƙasa: "Filashin ake yi, maɓarnaciya!"

Likita ya karanto lambar, na duba, ta yi daidai da sunansa. Na ruga kemis na dawo. Da maganin ya ratsa shi, ya saki zanin gado, sai na miƙa masa makullinsa. Ya ture hannuna.

"Riƙe, ɗiyata. Da kin buɗe ba ki duba ba, da da shi za a rufe ni."

Yau zaren yana wuyana, kuma kullum sai na ji bakina yana cewa, "Lambar fa?" Ina kewarsa matuƙa. Ya Allah, bawanka Sada ya ƙare rayuwarsa yana bincike don kada 'ya'yan mutane su lalace ta hannunsa. Shi kam ka yafe masa binciken, ka buɗe masa ƙofar Aljanna ba tare da hisabi ba. Amin.